An Ce Mata Ya Yi Tafiya

"Bar makullin a wurinki, Malamar Asabar," in ji Mai Faci, yana ture hannunta. "Ni da ko ƙofar ɗakin nan ban iya kaiwa, ina ni ina buɗe shago?"

Yana kwance a katifa, ƙafafunsa sun kumbura, baƙin mai har yanzu bai fita daga faratansa ba, alhali kwana goma sha ɗaya rabonsa da taɓa keke. Ta mayar da makullin jaka, ta zauna a bakin tabarma.

Shi ya laƙaba mata wannan suna. Ɗaliba ce 'yar shekara ashirin, katanga ɗaya ta raba gidansu da nasa. Duk Asabar takan tara yaran unguwa da suka rasa uwa ko uba a rumfar shagonsa, su yi zane, su yi hira, mai kuka ya yi kukansa ba mai ce masa ya girma. Da ta fara, cewa aka yi tana fama wa yara ciwo. Shi kuwa ya kwashe tayoyinsa ya ba ta wuri, wai dama ranar Asabar ba ya ciniki. Ƙarya yake, bawan Allah, ranar ce kasuwarsa.

"Matso," ya ce, ya rage murya. Auta, 'yarsa mai shekara takwas, tana tsakar gida tana wanke masa kofi. "Na san halin Yaya. In ta Allah ta kasance, cewa za ta yi da yarinyar nan na yi tafiya. Kada ki bari."

"Haba Baba, za ka tashi."

"Au, ke ma kin fara?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Kunya ta kama ta. Ita fa aka yi wa haka. Tana shekara bakwai aka ce mata mahaifiyarta ta yi tafiya, ta shekara biyu tana rugawa ƙofa duk lokacin da mace ta yi sallama, sai a bakin wata yarinya ta ji gaskiya, a wurin faɗa. Har yau abin yana mata zafi.

"Na yi maka alkawari," ta ce.

Ranar Laraba da hantsi ya cika, Auta tana makaranta. Kafin a tashi, yayarsa, wadda kowa ke kira Gwaggo, ta sa an wuce da yarinyar gidan wata 'yar'uwa a can ƙarshen gari. Aka ce mata Baba ya yi tafiya neman magani.

Washegari Malamar ta sami Gwaggo ita kaɗai a kicin, ta durƙusa ta isar da saƙon mamaci.

"Ke, rufe mini baki! Yaushe aka haife ki?" Idanun Gwaggo sun yi jawur. "Tun da uwarta ta bar gidan nan ni ke goyon ta. Zuciyar yaro ba ta ɗaukar wannan. In ta girma za ta gane."

"Ni ma haka aka ce, Gwaggo. Ban gane ba. Jira na yi."

Gwaggo ta juya mata baya, ta ci gaba da goge tukunyar da ta riga ta bushe.

Malamar ta fito tana juya maganar a ranta. Faɗa wa Auta ba wuya, minti ɗaya ya isa. To amma daga ranar yarinya za ta san Gwaggo ta yi mata ƙarya, wata ce ta tona, kuma Gwaggon nan ita kaɗai ta rage mata. In ta yi shiru kuwa, ta ci amanar wanda ba zai dawo ya tambaye ta ba.

Ranar Asabar ta buɗe rumfa. Yara bakwai suka zo, yau ba mai tsokanar wani. Tana cikin raba takardu sai ga Auta, wadda aka dawo da ita jiya da yamma, tana riƙe da wani abu da hannu biyu. Gwaggo na biye da ita tana haki, mayafi a karkace.

"Anti, Baba ya manta gilashinsa," in ji Auta. "Ba ya ganin komai in babu shi. Wa zai kai masa?"

Yaran suka sunkuyar da kai. Kowannensu ya sani.

Malamar ta tsuguna har fuskarsu ta daidaita.

"Auta, ni ba zan yi miki ƙarya ba. Amma Gwaggo ta fi ni sanin amsar nan. Tambaye ta, ina nan kusa da ke."

Gwaggo ta watso mata harara. Sannan ta dubi gilashin, da zaren da ya ɗaure masa hannu ɗaya. Ta zube a gwiwa cikin ƙasar nan mai baƙin mai.

"Babanki ya rasu, Auta. Ba tafiya ya yi ba. Ni na ce a gaya miki haka, don na kasa."

"Ba zai dawo ba?"

"Ba zai dawo ba, 'yar nan."

Kukan da yarinyar ta saka, har mai shagon tsallaken titi sai da ya kashe rediyonsa. Ba wanda ya ce ta yi shiru. Gwaggo ta rungume ta, Malamar ta dafa bayanta, suka bar ta ta yi mai isarta.

Can da ta lafa, wata budurwa 'yar shekara goma sha huɗu ta matsa a benci, sauran ma suka matsa. Auta ta zauna tana ajiyar zuciya. Gwaggo ta miƙe tana kakkaɓe zani za ta koma gida, sai yarinyar ta kama gefen mayafinta.

"Gwaggo, ke ma ai ƙaninki ne."

Yaran suka ƙara matsawa. Gwaggo ta zauna a ƙarshen benci, gwiwoyinta sun kusa kai mata ƙirji, wani ya tura mata farar takarda da guntun fensir.