Takalmi a Bakin Ƙofar Hajo

Tun da Hajo ta zame a makewayi da damina ta gurɗe ƙafa, ɗanta Lukumanu ya kafa mata sharaɗi: in ta sake faɗuwa, zai ɗauke ta daga Gwangwan ya kai ta gidansa a Karaye. Ba maganar da Hajo ta tsana kamar wannan. A gidan nan aka kawo ta tana amarya, a nan aka yi wa mijinta sutura, ga awakinta, ga maƙwabta masu leƙo ta safe da yamma. A ganinta zaman Karaye zaman jiran tuwo ne kawai.

Lukumanu malamin makaranta ne, irin mutanen da in suka sa abu a gaba sai sun ga ƙarshensa. Ya sa aka fasa dokin ƙofar ɗakinta aka daidaita shi da ƙasa. Aka kafa ƙarfen dafawa a makewayi, aka rataye fitilar sola a tsakar gida. Turmi ya koma jikin katanga, turken awaki ya bar hanya. Tsohuwar tabarmarta mai naɗaɗɗen baki ma bai ƙyale ta ba, haka silifas ɗinta da suka siɗe. Hajo tana kallo, tana mita, amma ba ta hana ba, don ta san abin da ake tare mata.

Gida ya gyaru, har ya zama abin kwatance a unguwa.

Wata Juma'a Lukumanu ya zo da motar wani abokinsa. Ya yi sallama, ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa kamar yadda ɗan kirki yake yi, ya shiga ya durƙusa.

"Inna, mun same ku lafiya? Ya ƙafar?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ya mutanen gidan?"

Suka gaisa sosai. Can ta ce bari ta damo masa fura. Ya ce ta bari, ta yi kamar ba da ita yake ba. Ta ɗauki sanda ta nufi ƙofa, idonta yana kan ƙwaryar da ke rumfa. Taku ɗaya ta yi waje, ƙafarta ta hau kan wani abu mai sulɓi, sai ga ta a ƙasa bisa gwiwa.

Lukumanu ya zabura ya ɗaga ta. Ƙujewa ce kawai, amma ya tsorata ƙwarai.

"Inna, magana ta ƙare. Ki haɗa kayanki, ga mota."

Ta karkaɗe zaninta, ta sa bakin sanda ta ɗago abin da ta taka. Baƙin takalmi ne sau-ciki, ya sha goga yana ƙyalli. Lukumanu ɗanta na fari ne, ba ta kama sunansa, don haka sai ta ce:

"Kai, wannan na wane ne?"

Ya duba, ya ga nasa ne. Ta ce:

"To, in mun je Karayen, da takalmi za ka riƙa shigo mini ɗaki?"

Lukumanu ya karɓi takalmin, ya ɗauko ɗan'uwansa, ya ajiye su can gefe a jikin bango. Ya samo dutse ya ja layi a ƙasa, ya ce wa matar wani maƙwabci ta gaya wa masu zuwa gaisuwa nan ne wurin tuɓewa.

Bayan la'asar ya sha furarsa, ya koma Karaye shi kaɗai.