Kujerar Gaba

Ranar Talata motar ta mutu a tsakiyar hawan da ke kaiwa asibiti, kuma kafin masu turi su kai ta ƙofa, matar Malamin Kimiyya ta cika a kujerar gaba.

Likita ya ce ko a jirgi aka kawo ta, abin da zai faru ke nan. Malamin ya gode masa, bai yarda ba. Wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koya wa 'ya'yan mutane cewa komai yana da dalili ba ya karɓar irin wannan ta'aziyya. Da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, ya buɗe but ɗin motar, ya tarar da kwalayen littattafan da marigayiyar ta kora daga ɗakin kwana tun shekarar da ya yi ritaya. Da su aka yi hawan. Ya jibge su a baranda, ya yanke wa motar hukunci: nauyi ne ya yi mata yawa.

Daga nan ya zama ɗan gida a garejin Dogo. Aka fara da safaya da jak. Aka cire murfin inji na ƙarfe aka sa na alminiyon, wanda mutum zai ɗaga da yatsa biyu. Gilasan baya suka koma roba, kafet da rediyo da kujerar baya suka bi sahu. Dogo ba ya musu da mai kawo aiki. Iyakarsa ya ce nan gaba sai an kafa mata turke, kada iska ta kai ta gidan maƙwabta. Malamin bai yi dariya ba. Ya ce duk abin da aka sauke hutu ne aka ba inji, ya ɗora da bayanin da babu wanda ya roƙa.

Kowace safiya sai ya ja motar zuwa hawan. Yanzu haurawa take kamar akuya ta hango ganye, tana ƙara irin ta gwangwanin da aka juye. A ƙofar asibitin sai ya juya ya gangaro. Da farko maigadi yana ɗage masa sanda. Daga baya ko kai ba ya ɗagawa. Ihu bayan hari ma akwai gwanayensa.

Autarsa ce kaɗai ta rage a gidan. An ba ta aikin koyarwa a wani gari mai nisa, ta ƙi ba da amsa, tana jiran ya ce wani abu. Takan ajiye maganar a gabansa tare da kwanon abinci: makarantar ta sake kira, ɗakin da za a ba ta wai ko taga babu, nan garin ma an ce ana neman malamai. Hannunka mai sanda dai, har hannun ya gaji. Shi kuwa sai ya tauna, ya haɗiye, ya ba ta labarin wani salansa mara nauyi da Dogo ya samo. Sau ɗaya ta roƙe shi abu kai tsaye.

"Baba, a bar kujerar Mama."

Ya ce ya ji.

Da ta gaya masa ta karɓi aikin, ya yi mata fatan alheri da muryar da yake sallamar aji. Ana gobe za ta tafi, tana can wajen sallama da ƙawaye, ya nufi gareji. Kujerar gaba ce abu mafi nauyi da ya rage. A karon farko Dogo ya riƙe sifana bai sunkuya ba.

"Malam, to wa zai zauna?"

"Wa ya rage?"

Aka kwance ta. Dogo ya nuna masa inda ake tara tarkace, Malamin ya yi kamar bai gani ba. Ya kwantar da ita a bayan motar, ya kai ta gida, ya ja ta da ƙyar har gefen gadonsa. Sifanar Dogo ma da ya ɗauka bai mayar ba. A aljihunsa ta kwana.

Da safe auta ta fito da akwatinta, don ya ce shi zai kai ta tasha. Ta buɗe ƙofar gaba. Ta daɗe tana kallon ramukan noti, waɗanda ta cikinsu ake hango ƙasar tsakar gida. Ba ta yi kuka ba, ba ta tambayi inda aka kai kujerar ba.

"Ta yi sauƙi kam, Baba," in ji ta.

Ta rufe ƙofar a hankali, ta ja akwatin zuwa bakin titi, ta tsayar da tasi. Direban ya sa kayan a baya. Kafin ta shiga ta waiwayo, ta tsaya riƙe da ƙofa, har direban ya danna ham. Malamin yana tsaye, hannunsa a aljihu a kan sifanar, yana neman ta inda ake fara jimla, shi da bai taɓa rasa ta cewa a gaban allo ba.

Tasin ta ja, ta sha kwana.

Maganar da ya so ya faɗa kuwa ba ta da tsawo. Kujerar tana ɗakina, auta, jira in mayar da ita. In ma motar tasha ta tashi ta bar ki, ta tashi.