Kurciyar da Ke Hannun Saaka

"Danne min nan, Tani. Hannuna rawa yake yi."

Na ajiye ludayin koko, na danne sandar a kan benci. Baba Moro ya ɗora wuƙa a hancin zakin da ke kanta, ya tura. Hancin ya faɗo kusa da ƙafata. Ya bi idanu, ya bi kunnuwa, yana yi yana tari, har kan zakin ya koma dunƙule kamar ƙwai. Mai sandar, wani tsohon direba daga Kotobabi, ya kau da kai.

"Shekara goma sha biyu ina riƙe da zakin nan, Baba."

"Ka yafe ni. Sandar za ta ɗauke ka yadda ta saba."

Bango ɗaya ya raba ɗakina da na Baba Moro a gidan hayarmu na Nima, bayan babbar gota, wato kwatar unguwa. Ni koko nake sayarwa a ƙofar gida, shi kuma masassaƙin kan sanda ne. Shekara ashirin na yi ina share garin katakonsa daga bakin ƙofata ina masifa, yana min dariya. Ba shi da mata, ɗansa ɗaya kuma ya bi hanyar Libiya, ba a sake jin duriyarsa ba. Kawunan da yake kai wa 'yan kasuwa zane ne kawai: ƙulli, ganye, hular dattijo. Masu rai kuwa, zaki ko kada ko tsuntsu, sai wanda ya sani yake yi wa, bayan ya daɗe yana juya tafin hannun mutumin. Guda goma sha bakwai ya yi a rayuwarsa, kuma ya san inda kowanne yake.

Garin katakon nan ne ya cinye masa huhu. A gadon asibiti ya ji wa'azi a wayar maƙwabcinsa, cewa duk wanda ya sassaƙa siffar abu mai rai za a ce masa ya busa masa rai ranar lahira, kuma ba zai iya ba. Ya sha jin wannan a da, bai taɓa hana shi cin tuwo ba. Amma ji da robar iska a hanci daban yake. Da aka sallame shi ya aika aka kira limamin unguwa. Liman ya ce masa ya yi tuba, Allah mai gafara ne, waɗanda kuma hannunsa zai kai gare su ya goge musu fuska. A tsaye Liman ya faɗi maganar, yana neman takalminsa. Baba Moro kuwa ita kaɗai ya riƙe.

Ni na zama 'yar aike, tunda ƙafarsa ba ta kai shi ko bakin titi. In na sauke tukunya da hantsi sai in shiga tirotiro, motar haya. Na je unguwar Malam, na je bayan Kasuwar Malam Atta, na karɓo ɗaya a hannun magada har da rantsuwa. Wasu sun zage ni, na rama, don ni ba a zagina in yi shiru. Cikin wata guda mun gama goma sha shida.

Ta ƙarshe tana wajen Saaka, makahon da ke sayar da goro da asuwaki a gindin wata dalbejiya a Mamobi. Da hagu yake ciniki. Hannunsa na dama kullum yana lulluɓe da kan sandarsa, ko atishawa zai yi ba ya saki. Badagombe ne, a Hausarsa mace da namiji duk "kai" ne.

"Kai Tani, ka koma," in ji shi. "Ba ni ba shi koraa, ko kaɗan."

"Baba Saaka, ba ƙwacewa za a yi ba. Fuskar kawai zai goge."

"Fuska shi ne kurciya! Latifatu, mata na, ya sa aka yi mini, shekaran da ido na ya mutu. Shi ya zaɓi itace, shi ya ce a yi kurciya. Yanzu Latifatu ya mutu. In na sa hannu, bakin tsuntsu ya nuna mini gaba. Ka cire baki, ina ne gaba na?"

Na ce masa mutum na can yana mutuwa da tsoron wuta saboda ɗan guntun itace. Ya matse sandar tsakanin gwiwoyinsa, ya ɗora haɓa a bayan hannunsa. Sau uku ina zuwa. A na ukun na faɗa masa maganar da ba ta dace a faɗa wa dattijo ba, har mai lemun da ke gefe ta ce in ji tsoron Allah.

Ranar Talata na dawo da rana tsaka. Baba Moro yana kwance a tabarma, ya sa an jera masa wuƙa da magagari kusa da matashi. Numfashinsa har tsakar gida ake ji. Ya dubi hannuna, ya ga ba komai.

"Ya hana?"

Liman ya riga ya ja ni gefe da safe, ya ce in kwantar masa da hankali ko ta wace hanya. Na gane abin da yake nufi. Da na ce Saaka ya yarda, na kai wa kafinta ya goge, da shi ke nan. Amma raina a ɓace yake, ƙafata ta kumbura, kuma ni mai taƙama ce da cewa ban iya ƙarya ba.

"Ya hana, Baba. Ya ce ko gawarsa sai da ita."

Ya ɗaga ido zuwa silin.

"Ita na fi yi wa kyau," ya ce. "Har gashin wuyanta na fitar ɗaya-ɗaya. Idon nan, Tani, kamar za ta kifta. Da me zan busa mata? Dubi numfashin da ya rage min."

Na ce masa Allah ya ga niyyarsa. Na faɗa, na sake faɗa. Yatsunsa suka yi ta lalube a kan tabarma. Washegari da hantsi, ina zuba wa wata mata koko, na lura tarin ya tsaya. Na shiga na same shi ido buɗe, hannunsa a kan ƙotar wuƙa. Ni na rufe masa ido. Tsoron bai bar fuskarsa ba, kuma har gobe ina ganin ta.

Ranar addu'ar uku aka shimfiɗa tabarmi a lungu, aka tare hanya da benci. Ina raba masa, wato waina, sai ga Saaka ya shigo yana bin bango. Na nufe shi da niyyar in kore shi a gaban kowa, sai Liman ya ɗaga murya ya ce a ɗaga hannu. Saaka ya tsaya cak. Ya juya kai yana neman inda zai jingina sandar, bai samu ba.

"Wa ne nan? Tani? Riƙe mini."

Ya saki. Karo na farko ke nan da na ga kan sandar ba hannu a kansa.

Babu kurciya. Babu ido, babu baki, babu gashin wuya. Shekara ashirin da biyu na gumi da tafin hannu sun cinye su tas. Dunƙulen baƙin itace ne mai sheƙi, ya fi duk goma sha shidan da Baba Moro ya goge santsi. Sau uku na tsaya a gaban mutumin nan ina zuba masa masifa, ban taɓa cewa ya ɗaga hannu in gani ba.

Jama'a na cewa amin, ni na kasa. Na zauna a bakin gota da sandar a cinyata, ina juya ta, ina neman ko ɗan alamar ido.

Da aka shafa, Saaka ya miƙo hannu. Na sa masa ita a tafi.

"Ka yi hankali da bakin," ya ce a hankali. "Yana da tsini."

Ya juya sandar har ta zauna masa daidai, babban yatsansa yana shafa wurin da babu komai. Sannan ya bi bango ya fita, ta gaban bencin Baba Moro, inda garin katakon da ban share ba yake tare a ƙasa.