Ruwan Randar Inna Mariyamu

Tun ranar da Munzali ya ce zai gayyaci likitan nan cin abinci, matarsa Rabi'atu ta gaya masa gabanta yana faɗuwa. Da ya saurare ta, da wataƙila ba a kai ga abin da aka kai ba.

Munzali maƙerin fari ne a Ketaren Gwari, yana ƙera bokitai da mazurari, sana'ar da ya gada wurin mahaifinsa wanda aikin reluwe ya kawo Minna. Yana da 'ya mai suna Azumi, an haife ta da tsagaggen leɓe. Ta isa shiga makaranta, amma ta ƙi zuwa saboda tsokanar yara. Ko da uwarta take magana, sai ta kare bakinta da hannu.

Bayan daminar wata shekara, wasu likitoci 'yan sa-kai suka zo daga Turai, suka sauka a wani ƙaramin asibiti kan hanyar Chanchaga, suna aiki kyauta. A cikinsu mutum ɗaya ne mai ɗinkin leɓe, wani zanƙalele da kowa ke kira Likita Dogo. Ya duba Azumi, ya ja kumatunta, ya ce zai yi mata aiki ranar Alhamis da safe, wato ranarsu ta ƙarshe.

Likita Dogo mutum ne mai son jama'a. Da an tashi aiki sai ya shiga gari. Yau a gan shi wurin masu tsire a bakin tashar jirgi yana hawaye saboda yaji, gobe a gan shi a gidan rawa yana taka kiɗan goge da dogayen ƙafafunsa, mutane na tafi suna dariya. Munzali yana jin labarin nan, sai abin ya tsaya masa a rai.

"Kowa ya ciyar da shi sai ni," ya ce wa Rabi'atu. "Mutum zai sa wuƙa a fuskar 'yata bai taɓa cin tuwona ba? In ya shigo gidan nan ya gan ta, zai yi mata aikin sanayya."

"Malam, ka bari a gama aikin, sannan ka yanka masa ko sa ne."

"Bayan aikin ai tafiya za su yi."

Ya je ya sami Helen, nas ɗin da ke yi wa likitocin tafinta. Ta yi dariya ta ce, "Kira shi, Malam Munzali. Wannan ko sunan ɗan akuya ake yi zai je. Amma ka ji ni da kyau, ban da ruwan randa. Cikinsu ba irin namu ba ne."

Munzali ya riƙe maganar. Ranar Laraba ya yanka zabi, ya sayo lemon kwalba, ya tsaya a kan Rabi'atu har ta wanke kwanuka da tafasasshen ruwa. Ya gargaɗi kowa a gidan, ban da mahaifiyarsa, Inna Mariyamu. Ya je ƙofar ɗakinta ya tsaya, ya rasa da bakin da zai ce mata ruwan randarta bai cancanci baƙo ba. Sai ya juya.

Bayan magariba likitan ya iso, sanye da 'yar shara da wani ya ba shi, ta tsaya masa a cibiya. Maƙwabcinsu Shekwolo, wanda ya kawo sakwara da makaɗan ƙauyensu, ya kalle shi sama da ƙasa.

"Munzali, cire ƙofar zauren nan mana, ko so kake ya bar kansa a waje?"

Ana cikin dariya sai ga Inna Mariyamu ta fito tana dogara bango, da ƙwarya a hannu cike da ruwa mai sanyi. Tun tana amarya ba a taɓa yin baƙo a gidan ya zauna bai sha daga hannunta ba. Ta rusuna da ƙyar, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Sannu da zuwa, ɗana. Jiƙa maƙoshi."

Taku ɗaya ne tsakanin Munzali da ƙwaryar. Amma ya ƙwace ruwa daga hannun uwarsa a gaban maƙwabta? Ya dubi likitan yana fata ya kurɓa kaɗan ya ajiye. Shi kuwa Likita Dogo an riga an koya masa cewa ƙin ruwan maraba wulaƙanci ne. Ya durƙusa kamar yadda ya ga ana yi, ya kafa kai, bai ɗago ba sai da ya shanye.

"Na gode, Mama," ya ce.

"Kun ga ɗan halak!" in ji tsohuwar, fuskarta cike da murna.

Aka ci, aka yi kiɗa. Likitan ya ɗauki Azumi a kafaɗa yana rawa da ita, ta riƙe gashinsa da hannu biyu tana ƙyalƙyata dariya, bakinta a buɗe a gaban jama'a. Rabi'atu ta koma madafa tana share hawaye. Munzali kuwa idonsa na kan likitan. Da aka watse, Shekwolo da abokansa suka ja likitan zuwa wani wurin kiɗan, wai ba a yin ban kwana da Minna a gida ɗaya.

Da safe aka yi wa Azumi wanka, aka sa mata rigar salla. Ba ta karya ba, kamar yadda aka umarta. Suka zauna a barandar asibiti tare da sauran masu jira. Hantsi ya yi, rana ta take, ba a kira kowa ba. Can sai Helen ta fito, ba ta ko kalli Munzali sosai ba.

"Likita yana kwance. Tun asuba yake amai da gudawa, an sa masa ruwa. Ko cokali ba ya iya riƙewa, balle allura."

"To gobe fa?"

"Gobe motarsu za ta wuce Kano, jirginsu ba ya jira."

Munzali ya dubi sauran iyayen da ke barandar, kowa da yaronsa a cinya. Ba wanda ya san shi, ba wanda ya tambaye shi komai. Ya ji da ƙasa za ta tsage da ya shige.

Aka bar shi ya leƙa ɗakin da likitan yake kwance. Likitan ya yi zuru-zuru, ƙafafunsa sun zarce gadon. Ya ɗaga hannu da ƙyar, ya yi magana, Helen ta fassara: ya ce a ba Azumi haƙuri, in an sake turo su baɗi ita ce ta farko. Ya kuma ce a gaida Mama.

A hanyar gida Azumi ta tambaya, "Baba, an fasa ne?"

"An ɗaga, uwata."

"To zan iya cin abinci?"

Ya saya mata ƙosai, ta juya fuska ga bango tana ci.

Munzali bai taɓa gaya wa Inna Mariyamu abin da ya faru ba, har ta rasu tana sa wa Baturen nan mai ladabi albarka. Shekwolo ya rantse cewa ba ruwan ba ne, wani nama ne da suka ci daga baya. Helen ta ce Allah kaɗai ya sani. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, Munzali yana zuwa asibitin yana tambaya. Har yau bai san ko ruwan gidansa ne ya kwantar da likitan ba, kuma ba wanda ya iya gaya masa ko za su dawo.