Baƙuwar Lameck

Lameck ya tsufa yana yawo da baƙi a gandun dajin Luangwa, yana nuna musu zaki da damisa, amma matarsa Esnart ba ta taɓa wuce ƙofar gandun ba. Giwa kam ta san ta, ɓarauniyar da ke cinye mata masara a gona.

Da damina ta kawo kai, baƙi suka watse, sai ya ari mota wurin mai sansanin baƙin da yake yi wa aiki. Idon Esnart ya fara hazo, likita kuma ya ce abin gaba zai yi ta yi.

"Maman Tisa, ɗaura ɗankwalinki. Yau ke ce baƙuwata."

"To wa zai tuƙa maka nshima?"

"Baƙi ba sa tuƙa tuwo."

Ta hau tana mita, ta ƙanƙame ƙarfen kujera. A bakin kogi ya kashe mota. Garken giwaye na gangarowa shan ruwa, ita kuwa duhu-duhu kawai take gani yana motsi. Ya sassauta murya yana gaya mata: ga uwar garke a gaba, kunnenta ɗaya a yage, ga wani ɗan ƙarami da bai iya sha da hanci ba tukuna, ya durƙusa ya kafa baki a ruwa.

Ta juyo wajensa. "Ashe kana da irin wannan muryar? Ni a gida sai 'ina gishiri' nake ji."

Ya sosa ƙeya yana dariya.

Can ɗan giwar ya zame a taɓo, ya ƙwalla ƙara. Uwar ta yi wani gurnani mai zurfi wanda Esnart ta ji har cikin ƙirjinta. Ta kama hannun mijinta.

"Me ya same shi?"

"Faɗuwa ya yi. Tana tallafo shi da ƙafa. Ga yayarsa ma ta zo. To, ya miƙe."

Ta sauke ajiyar zuciya. "Faɗa take masa. Haka na yi wa Tisa ranar da ta faɗa rafi tana ƙarama, ina faɗa ina goge mata jiki."

Suka zauna a motar har garken ya haye. Ta kwance bakin zaninta, ta fito da dafaffiyar gyaɗa, tana ɓarewa tana zuba masa a tafin hannu.

"Kada ka ta da motar tukuna, Baban Tisa. Tsuntsun nan da ke kuka a kanmu, wane launi ne?"

Ya ɗaga kai yana nemansa cikin ganye.