Shanun Yero da Makauniyar Kyamara

Shekarata talatin da wani abu ina dillancin shanu a karar Batsari, kuma ban taɓa sayar wa mutum sa mara idanu ba. Ku riƙe wannan, zai yi amfani nan gaba.

A shekarar da aka cire tallafin mai, buhun masara ya zama abin da ake gaisarwa daga nesa, aminina Yero ya iso kara da shanu goma sha ɗaya. Na san su ɗaya bayan ɗaya. Su ne suka rage masa cikin sittin, bayan mutanen daji sun kai masa ziyara sau biyu a rugarsa ta wajen Yasore. A bayansa ga ɗansa Yasir, mai shekara ashirin da takwas, wanda ya yi wata tara a Kano yana koyon ɗaukar fim, ya dawo da hula mai baki da magana mai yawa.

"Ɗahiru, sayar min da su duka," in ji Yero.

"Duka? Hijira za ka yi?"

"Kyamara za mu saya."

Yasir ya karɓe zancen. Wai irin wadda manyan masu fim na duniya ke aiki da ita ce, miliyan tara. Wai saniya ana korawa daji, amma kyamara a jaka take kwana, a ƙarƙashin kai. Wannan maganar ce ta kama Yero, don shi ya gaji da ƙirga abin da babu.

Kafin hantsi ya ɗaga wani Alhaji mai kai shanu kudu ya taya, ya yi tayi mai kyau, miliyan tara da rabi. A wurinmu kuwa in dillali ya ce an sallama, shi ke nan, ko uwar saniyar ce ta zo da kuka ba a warwarewa. Kalmar na bakina. La'adata ma na hango ta, har na raba ta gida uku a zuci. Amma na ce wa Alhajin ya je ya sha fura ya dawo.

"Yasir, kira min mai kyamarar. Ni ba na sallama dabba sai na ga abin da za a ɗaure a turkenta."

Ya kira shi ta waya mai hoto. Wani Uwaisu ne, a shagonsa a Kano, fanka na kaɗa masa riga. Ya ɗago wani baƙin akwati da bai kai bulo ba.

"Baba, ga ta nan. Sabuwa dal."

"Masha Allah. Juyo min fuskarta. To, wannan ramin na gaba fa?"

"Nan ake ɗaura gilashin, wato idon."

"Ina idon?"

"Ai shi daban ake saye. Miliyan tara kuɗin gangar jiki ne."

Na dubi Yero, Yero ya dube ni. Shi da ni duk mun ɗauka ciniki irin namu ne, ka biya kuɗin sa ka ja shi da kai da ƙafa da wutsiya.

"Nawa ne idon?"

"Mai dama-dama miliyan biyu da rabi. Amma mai aikin gaske yana son uku: na nesa, na kusa, da na tsakiya."

"Ikon Allah. Makauniya ce, kuma ido uku take so. Me take ci?"

Uwaisu ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Ya ce batir, guda huɗu in ana son a wuni ana aiki, da abin cajinsu. Sai katin da hoton ke shiga, wanda bai kai ɗan yatsa ba amma ya kai kuɗin maraƙi. Sai ƙafafu uku da za ta tsaya a kai.

"Ƙafar ma babu? To kunne fa, tana ji?"

"Tana ji kaɗan. Na'urar sauti daban ce."

Yasir ya fara goge gumi. "Kawu, waɗannan ai a hankali ake tara su."

"Da wace saniyar, ɗana? Wadda ta tafi kudu?"

Ban gama ba. Na ce wa Uwaisu, to an ɗauki hoton, sai a kai kasuwa? Ya ce a'a, sai an tace. Tacewa kuma na son kwamfuta mai ƙarfi, da allo mai nuna launi na gaskiya, da akwatunan ajiya, kuma kada wuta ta ɗauke. Na ce wutarmu tana da ladabi, ba ta ɗaukewa, don ba ta zuwa. Ya ce to sai sola ko janareta. Ya ƙara da cewa farashin na yau ne, don da dala ake lissafi, gobe sai abin da Allah ya yi.

Na tsuguna na zana a ƙasa da tsinke, yadda na iya. Kuɗin duka ya kama shanu ashirin da shida.

Yero ya dubi zanen. Sai ya matso da bakinsa kusa da wayar kamar mai magana cikin rijiya.

"Malam, tana haihuwa?"

"Baba, ai in ta shekara uku sabuwa ke fitowa, wannan ta koma rabin kuɗi."

Yero ya miƙe ya fara kwance igiya.

Nan Yasir ya tsaya a gabansa. Ban ga laifinsa ba, ko murya bai ɗaga ba.

"Baffa, karsanar da ka ba ni ranar sunana fa? Jikokinta uku na cikin nan."

Gaskiya ya faɗa. A wurin Fulani abin da aka ba yaro ranar suna nasa ne, shi da duk abin da ya haifa. Yero ya daɗe yana kallon jar saniyar da ke gefe, sannan ya ware uku da sandarsa.

"Naka ne. In ka so ka sayi wutsiyar kyamarar."

Alhajin kudu ya dawo daga shan fura ya tarar cinikin ya rame. Ya zage ni, na sallama masa uku, la'adata ta koma kuɗin cefane. Takwas suka bi Yero gida.

Yasir bai sayi wutsiya ba. Ya samo wata ƙaramar kyamara ta hannu, mai idonta a jiki, da tsohuwar kwamfuta da fallen sola ɗaya. Aikinsa na farko a Safana ne, wani ɗan siyasa na rabon shinkafa. Ni ma ina cikin layin. Sau huɗu aka miƙo min buhun ana karɓewa, wai hasken hoton bai yi ba.