Hannun Mai Masa

Ni dai tun farko ban so ba. Mace irina, wadda ta zo aikin Hajji ta maƙale a Makka babu iƙama, wato takardar izinin zama, me ya haɗa ta da kyamara? Duk zamana a garin nan dabarar kada a lura da ni ce, don in aka kama ni sai jirgi. Amma Nuf, 'yar yayata, haifaffiyar unguwar Zahir mai takardunta cif, tana koyon haɗa fim a Jidda, kuma nacinta ya fi na ƙuda.

"Khala Kabira, wallahi fuskarki ba za ta fito ba," in ji ta da Hausarta mai rabin Larabci. "Hannu bas. Hannu ya fi fuska faɗin mutum."

Ta iso lungunmu na Ka'akiyya da hantsi, ina tuyar masa a ƙofar gida. Ta kawo kyamara dab da tanda, ta ɗauki yatsuna da tabon ƙunar da ke bayan hannuna, wai sai an matso haka mai kallo zai ji zafin man. Masu wucewa kuma ta roƙe su su riƙa tafiya a hankali, don mai sauri shi ido yake bi. Daga ƙarshe ta kwanta a ƙasa ta bayana, da abayarta mai tsada.

"Ke lafiyarki kuwa?" na ce.

"In na ɗauke ki daga sama za ki ƙanƙance, a tausaya miki. Daga ƙasa girma za ki yi. So nake a girmama ki."

Maganar ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba.

Da ta sa fim ɗin a intanet, ni da maƙwabciyata Mujahida muka kalla a waya. Yarinyar ta cika alkawari, babu fuska. Sai ga hoton ƙarshe: ni ce daga baya, tsaye ƙiƙam, na cika allon wayar. A saman kaina kuma ga allon bango ɗauke da sunan layinmu da lambar gidan, raɗau. Kyamarar da ta ɗaga ni ta ɗaga shi tare da ni. Ita Nuf ni kaɗai take kallo, ba ta ko gan shi ba.

Na kira ta, ta fashe da kuka, ta goge fim ɗin nan take. Amma ya riga ya zaga wayoyin mutane. Tun daga ranar ko mota ce ta rage gudu sai gabana ya faɗi.

Ranar Alhamis wata farar mota ta tsaya a bakin lungu. Wani mutum mai farar jallabiya ya fito, ba ɗan unguwa ba. Ya dubi allon bango, ya dubi wayarsa, sannan ya sauke ido kan hannuna.

"Ke ce?" ya tambaya da Larabci, yana murmushi.

Masa ya zo saye ko ni ya zo ɗauka, ban sani ba, kuma ba ni da halin tsayawa in gani.

"Mai ita ta fita, bari in kira ta," na ce.

Na cusa hannuwana cikin hijabi, na bi bayan wasu mata masu dawowa daga kasuwa. Ƙafafuna gudu suke nema, na hana su. Ina jin ƙaurin masata tana ƙonewa, ga ɗakina a buɗe da duk abin da na mallaka a ciki. Na ci gaba da tafiya a hankali, yadda Nuf ta koya wa masu wucewa.